Buhun Kabejin Oga Mahdi

Ke Rahma, wa ya aike ki? Duk tambayoyin duniya kin rasa wadda za ki yi sai dalilin da ya sa 'yan keke suke kiran Baffanki Oga Kabeji? Kwanon da kika ci tuwo yana can ba ki wanke ba, kin zo kina tonon asirin manya. A zamaninmu yaro ya yi irin wannan tambaya, kunnensa ne zai karɓi amsa. To tunda kin taɓo, ku matso, sau ɗaya zan faɗa. Wanda ya ƙyalƙyale da dariya har matarsa ta jiyo daga ɗaki, ni da shi ne.

Ni na haifi Mahdi, ba mai gaya mini halinsa. Tun yana rarrafe bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. An kai shi koyon ɗinki nan Angwan Rogo, ya ce wa maigidan kekensa ne ba shi da saiti. An kai shi gareji a Laranto, ya kwance injin motar mutane ya ɗaure, ƙusoshi suka yi ragowa cike da kwano, ya ce masu ƙera motar ne suka yi almubazzaranci. Haka ya zauna da aurensa, matarsa Kubra na kan keken ɗinki tana ciyar da gida, shi yana kan benci bakin titi yana gyara wa gwamnati kurakurai.

Akwai Madam Zipora, mai gidan saukar baƙi, wadda nake kai wa masa kullum da safe. Na ji tana neman wanda zai riƙa zagayawa da baƙinta cikin gari. Aikin albashi ne, har da abincin rana. Ni da ban iya roƙo ba, na sauke kai na roƙa masa.

Ta ce, "Mama, saboda ke zan gwada shi. Ina da baƙi daga Legas, miji da mata. Ya fita da su gobe, ya dawo mini da su da kayansu lafiya, aiki ya zama nasa. In ko tsinke ya ɓata, kar ki sake kawo mini maganar."

Na dawo na gaya masa. Maimakon ya ce na gode, sai ya ce, "Inna, matar nan ta yi sa'a. A garin nan babu ɓarawon da ban san ƙofar gidansu ba."

Kubra ta ce, "Wanda ya ɗauke maka takalmi a masallaci ranar Juma'a fa, ina ƙofar gidansu?"

"Wannan baƙon ɓarawo ne, ba ɗan gari ba."

Kafin la'asar ya aro riga mai ƙyalli irin ta masu ba da hannu a titi, ya rataya usur a wuya, ya ƙwama baƙin gilashi. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki muryarsa a waya ya mai da ita ƙarar kira. Duk wanda ya buga masa, sai wayar ta kwarma ihu da muryarsa: "Oga Mahdi ke nan, garkuwar baƙi! Ɓarawo ya gan ni ya canza layi!" Ya sa Kubra ta yi ta kiransa yana saurare yana gyaɗa kai, har katinta ya ƙare.

Ya ce, "Inna, ke ba ki san garin nan ba."

Na ce, "Ni da na zo garin nan ana wankin kuza a bakin rafi?"

"Wancan Jos ɗin daban. Yanzu ɓarawo ido yake aiki da shi. Abin da ya gani shi yake ɗauka. To in bai ga komai ba fa?" Ya buga yatsa a goshi. "Nan wurin, Inna. Nan wurin."

Da safe na nemi tsohuwar suwaitata mai ruwan hoda na rasa. Ashe tana cikin shirin.

Abin da ya faru a hanya, matar baƙon ce ta ba ni labari daga baya, sauran kuma Jika mai keke ya cike mini. Mijin sunansa Uche, ƙato ne mai tumbi, mai fara'a, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Matar sunanta Dina. Tun a ƙofar masauki ta gaishe da Mahdi da Hausa, ta ce a Bukuru aka haife ta, ta kawo maigida ne ya ga garinsu.

Mahdi ya ce, "Madam, wanda aka haifa a gari shi ya fi shiga haɗari, don yana ganin ya sani."

Ya tsayar da su a tsakar gida ya yi musu wa'azi. Ya ce akwai masu fizgar waya daga kan babur, akwai masu yankan aljihu a cunkoso, akwai motar haya ta ƙarya da za ka shiga fasinjojin duk abokan direba ne, akwai tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa da baƙo zai ɗauka wurin wanka ne. Duk gaskiya ya faɗa, ban ƙaryata shi ba. Mahdi bai taɓa rasa sanin ciwo ba, wurin magani ne yake kashe mutum.

Ya buɗe baƙar leda ya ce kowa ya zuba abin da ke ƙyalli. Wayoyinsu ya kashe su ya jefa ciki. Kamarar Uche, agogonsa, jakar Dina, katunan banki. Sai ya dubi fuskar Uche.

"Oga, tabarau."

Dina ta ce, "A'a, wannan na magani ne. In ya cire, ba ya gane ni da kai."

"Madam, bakinsa ruwan gwal ne. Daga kasuwar Tamina ɓarawo zai hango shi."

"To me zai gani? Kallon gari fa ya zo."

"Ni ne idonsa. Duk abin da muka wuce zan gaya masa."

Ya cire wa bawan Allah tabarau. Ya sa masa suwaitata, wai don ya saje da 'yan gari, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu, cibiya a waje. Don a ga adalci, ya jefa tasa wayar ma cikin ledar, amma ita bai kashe ba, wai manyan mutane za su neme shi. Sannan ya fito da babban shirin: buhun kabeji da ya saya tun da asuba. Ya tura ledar can tsakiya, ya ɗinke bakin buhun, ya saɓa a kafaɗa.

Ya ce, "Madam, ki gaya mini. Tun da aka kafa Jos, wa ya taɓa jin an saci kabeji?"

Ya kuma koya musu doka ɗaya: in suka ji usur, kar su tambaya, su ruga.

Aka fito neman keke. Wannan ya tsaya, Mahdi ya ce idonsa ja ne. Wancan ya tsaya, ya ce ya cika murmushi. Sai ga Jika, yaron maƙwabtanmu da suka yi makarantar allo tare.

Jika ya ce, "Mahdi, yau kuma gwari ka koma sayarwa?"

"Oga Mahdi. Ina kan aiki. Nuna mini takardunka."

"Takarduna? Kai da na goya ka a keken nan ranar da kare ya bi ka?"

"Aiki ba ya sanin sabo."

"To shigo, Oga. Kabejin ma kujera zai biya?"

Dina ce ta ja mijinta suka shiga. Mahdi ya zauna gefen direba rungume da buhu, ƙafa ɗaya a waje. Suka hau hanyar duwatsu. Duk inda aka zo wurin kallo sai ya ɗaga murya da guntun Turancinsa: "Oga, ga dutse a dama. Babba ne. Akwai wani a kansa." Uche ya ƙanƙance ido ya juya hagu yana cewa kai, abin da kyau. Dina ta ce tana so ta ɗau hoto, Mahdi ya shafa buhu ya ce hoto yana nan lafiya.

Da suka sauka cikin gari, wani tsoho mai gasa masara ya miƙo hannu yana tallar abinsa. Mahdi ya daka tsawa, "Yankan aljihu!" ya fizgo Uche baya da ƙarfi. Bayan nan kuwa lambatu ne a buɗe, irin wanda kowane ɗan gari ya san ya tsallake ba tare da ya duba ba. Ƙafar Uche ta nutse har ƙauri. Aka zaro ƙafa, takalmi ya zauna ciki.

Tsohon ya ce, "Yaro, wane aljihu zan yanka? Rigar matan da ke jikinsa ko aljihu ba ta da shi."

Mahdi ya ce wa Dina, "Kin gani ko? Da waya na jikinsa da ta jiƙe."

Aka saya wa Uche silifas da 'yan kuɗin da Dina ta ɓoye a jikinta, aka wanke ƙafa da ruwan leda. Yunwa ta taso. Nan Baffanku ya fito da wata dokar: baƙo ba ya cin abincin titi sai jami'in tsaro ya ɗanɗana, ya jira ya ga ko da illa. Dina ta sayi tsire, ya ɗanɗana har tsinke. Ta sayi gwate mai zafi wurin wata mata, tana cewa rabonta da shi tun tana yarinya, ya ɗanɗana har ya ga gindin kwano. Fura da nono ma ya ɗanɗana. Aka zo wurin masu sayar da 'ya'yan itatuwa, ya ɗanɗana mangwaro da sitiroberi ko wankewa babu, ya bi da awara da yaji. Uche dai ruwa ya sha, da masarar tsohon nan da Dina ta saya a ɓoye.

Jika ya ce, "Oga, in guba ce ai ka cinye ta duka, baƙi sun tsira."

"Sadaukarwa ke nan. Ba kowa zai gane ba."

Dina ta ce ita dai a kai ta kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, nan mahaifiyarta ta yi sana'a. To daga nan ba labari aka ba ni ba. Ina wurin, na je sayen tattasai da albasa, ina zaune a rumfar ƙawata Magadaliya mai kabeji. Ina ɗaga kai na hango riga mai ƙyalli da buhu a kafaɗa, bayanta wani ƙato cikin suwaitata. Na ja mayafi na rufe fuska.

Ban san cikinsa ya riga ya fara juyawa tun a hanya ba. Na dai ga yana tafiya yana matse ƙafafu, gumi na zuba a wannan sanyin. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ga buhunan kabejin Magadaliya jere a bakin hanya. Fuskarsa ta yi haske.

"Madam, dubi ikon Allah. Ina za a ɓoye kabeji in ba cikin kabeji ba?"

Ya ajiye buhunsa a cikin layin, ya kamo hannun Uche ya ɗora a kai, ya ce ya riƙe kar ya saki. Ya ce zai je ya duba tsaron bayan kasuwa. Ya tafi duba tsaron da gudu-gudu, hannu a mara.

Abin da Oga bai sani ba, ko yaron da ke tallar leda a kasuwar nan ya sani. Wannan layin na lodi ne. Buhun da ya kwana a rumfa daban, wanda aka jera a bakin hanya kuwa an sallame shi, motar Kudu yake jira. Mai kaya zai bi layi da gwangwanin fenti ya shafa wa kowane buhu alamarsa, 'yan lodi su kwashe. Ba mai tambayar buhu daga ina ya zo.

Ana haka Magadaliya ta ƙura wa Dina ido, ta ce, "Ke ba yarinyar Chundung ba ne?" Sai ihu, sai runguma, sai kuka, aka ja ta cikin rumfa ana tambayar mutanen gida. Uche ya gaji da sunkuyo, ya saki buhu ya miƙe ya gyara suwaita, ya sake dafa wanda hannunsa ya samu. A wurinsa duk buhu kore ne. Mai fenti ya bi layi ya shafa shuɗi. Pwajok shugaban 'yan lodi ya buga tafi, yaransa suka kwashe layin tas, suka bar wa Uche wanda ya dafa, don sun ɗauka saya ya yi.

Can sai ga Mahdi ya dawo, fuska ta faɗa, amma baki na nan.

"Bayan kasuwa lafiya lau. Oga, ka yi ƙoƙari."

Ya duba buhun. Ɗinkin ba nasa ba ne. Ya ɗaga kai, ga babbar mota an lafta mata kabeji har sama, an ja igiya, direba ya tayar da inji.

Mai hankali zai je wurin Pwajok ya ce don Allah a dakata. Ɗana ya sa usur a baki ya busa iya ƙarfinsa, ya zura da gudu.

Uche ya ji usur. An ce masa kar ya tambaya. Ya ruga, ba ya ganin gabansa, ya bi ta kan tiren tumatir, silifas ɗaya ya tashi sama.

Ku yara ba ku san wannan ba, Allah kar ya sa ku sani. Garin nan ya ga tashin hankali, kuma ya koya mana abu ɗaya: in ka ga ana gudu, ka gudu tukuna, ka yi tambaya a gida. Kirista da Musulmi, a wannan bakinmu ɗaya. To ga mai kayan hukuma yana busa usur yana gudu, ga ƙato yana gudu ba takalmi. Kafin ka ce me, kasuwa ta watse. Ana jan ƙofofin shago, mata na kiran 'ya'yansu, masu baro sun saki baro, dankali na gangarowa kamar ruwa. Wani mai karas ya haye bishiya. Ni ban gudu ba, gwiwata ba ta gudu. Na zauna a kan kwandona na riƙe albasata.

Direban motar ma ya diro ya bi jama'a. Mahdi ya kama igiya ya haye saman lodi, ya zaro 'yar wuƙa, ya shiga farke buhuna ɗaya bayan ɗaya, duk shuɗin fenti iri ɗaya. Kabeji ya yi ta zubowa yana birgima a titi.

Da mutane suka ga ba hayaƙi, ba ƙarar komai, sai suka fara leƙowa. Me za su gani? Mutum ɗaya a kan mota yana yanka kayan mutane. Tsoro ya juye ya zama fushi. Wani ya ce, "Ɓarawo!" Kun san abin da kalmar nan take jawowa a kasuwa. 'Yan lodi suka sauko da shi ta ƙafa, rigar ƙyalli ta yage, wani ya ɗauko itace.

Pwajok ya riƙe shi a wuya ya ce, "Shekara nawa ina lodi, ban taɓa ganin ɓarawon kabeji ba sai yau. Har da yunifom!"

"Ni jami'in tsaro ne! Akwai dukiya a ciki!"

"A cikin kabeji?"

Nan na tashi. Na ratsa su da sandata na tsaya a gabansa. Na ce, "Pwajok, sake shi. Ni na haife shi. Ba ɓarawo ba ne, wawa ne. In da sata ya iya, da matarsa ta huta."

Magadaliya ta ce, "Mama, yaronki ne? Wannan ɗin da kike cewa ya samu aikin ofis?"

Na juya mata baya na gyara riƙon sandata.

Dina ta iso tana haki, ta yi musu bayani tun daga tabarau har buhu. Wasu suka yarda, wasu suka ce ƙarya ce aka shirya. Pwajok ya ce in gaskiya ne a kira wayar a ji. Dina ta karɓi wayar Magadaliya ta buga tata, a kashe. Ta buga ta mijinta, a kashe. Mai itace ya matso.

Allah ya yi wa Kubra albarka. Labarin gudu ya kai Angwan Rogo, ta ari waya tana neman mijinta. Kasuwa ta yi tsit ana jiran hukunci, sai daga can ƙasan lodi, cikin kabeji, murya ta tashi:

"Oga Mahdi ke nan, garkuwar baƙi! Ɓarawo ya gan ni ya canza layi!"

Ba wanda ya motsa. Kubra ta sake kira.

"Oga Mahdi ke nan, garkuwar baƙi!"

Mai itace ne ya fara zubewa ƙasa. Pwajok ya saki wuyan Mahdi ya riƙe cikinsa. Mai karas ya kusa faɗowa daga bishiya. Magadaliya da aka farke wa kaya tun ba a biya ta ba tana zagi tana hawaye don dariya. Ita kuwa Kubra ba ta daina kira ba, buhu ya yi ta yabon kansa har aka sauke rabin mota aka zaro shi.

An samo Uche a bayan rumfar masu doya, ya rungumi turke yana addu'a. Dina ta sa masa tabaransa. Abin da ya fara gani sarai a garin Jos shi ne jagoransa zaune a ƙasa, ganyen kabeji a ka, usur a wuya. Ya karɓi kamararsa ya ɗauka. Hoton da ya fara yi ke nan a ranar.

Hukuncin kasuwa mai sauƙi ne. Mahdi ya ɗinke duk buhun da ya farke, ya tsince tumatir da dankalin mutane, ya taya lodi har aka sake ɗaure mota, yana yi yana zuwa duba tsaron bayan kasuwa. Kabejin da ya fashe kuma aka ɗaure mana shi mu biya, ni na san yadda muka ƙare da Magadaliya. Da yamma Jika ya kwaso su. Dina a gaba tana nuna wa mijinta gari, Mahdi a baya kwance kan buhu.

Madam Zipora na tsaye a ƙofa, labari ya riga su isa. Mahdi ya sauko yana tangaɗi, ya gyara yagaggiyar riga ya ce, "Madam, a duba kaya. Ko allura ba a sata ba."

Ta dubi ƙafar Uche ba takalmi, ta dubi suwaitata, ta dube shi. Ta ce, "Na ce ka dawo mini da baƙi. Baƙi ne suka dawo mini da kai. Gai da Mama."

Ƙarshen aikin ke nan. Washegari Dina ta ɗauki mijinta da Jika suka zaga gari lafiya, waya a jaka, tabarau a fuska. Ni kuwa na ci gaba da kai mata masa, Madam ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Mun ci kabeji a gidan nan da miya, da shinkafa, da ƙuli, har awaki suka fara juya masa baya. Baffanku har gobe in an taɓo zancen cewa yake a tarihin kasuwar nan ba a taɓa tsare kayan baƙo kamar ranar ba.

Ke Rahma, rufe bakin nan, na ce kar a jiyo. Wanda ya kira shi da sunan nan a gabansa sai na saɓa masa, ni kaɗai ke da wannan izinin. Ku tashi. A wanke kwanon nan, a rufe kaji, kowa ya ja bargo. Ku wuce ku kwanta.